Baturiyar da Na Rataya a Wuya Ta Hana Ni Wakilcin Ɗana

Edita, sallama irin ta addinin Musulunci. Ni tsohon direba ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina jan motar gwamnati a Dutse, kuma lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da ajiye aiki ba, ina zaune a Takur da iyalina da kekena. Halina a wancan lokacin, in faɗa muku gaskiya, na tsani a nuna min hanya. Ranar da zan bar aiki maigidana ya ciro na'urar nuna hanya daga gilashin motarsa, wadda ake ce wa GPS, ya ba ni kyauta. Wata mata ce ke magana a ciki da Turanci, ta ce ka yi dama, ka yi hagu. Mutanen unguwa suka sa mata suna Baturiya.

To, mota dai ba ni da ita, amma na rantse Baturiya ba za ta zauna a akwati ba. Na ɗaure ta a kan keke da roba, gargada ta kusa zubar mata da hanji. Na riƙe ta a hannu ɗaya, na kusa shiga kwata. Daga nan na tafi wurin baduku ya ɗinka mata gida na fata kamar laya, da 'yar taga a gaba da igiyar ratayawa a wuya. Na sa ya juya ta kai a ƙasa, yadda in na sunkuyar da kai zan ga taswirar daidai. Da yake ba ta riƙe caji in ba a mota ba, sai na zura waya ta cikin riga zuwa batirin da ke aljihuna. Maiɗakina ta dube ni sama da ƙasa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin dattijo da wayar wuta a hammata ba. Ban kula ta ba.

Ƙanena ya rasu ya bar ɗa namiji, ni na riƙe shi har ya zama mutum. Yana kwance a gadon ciwo na yi masa alkawarin cewa ranar auren ɗan nan ni zan zauna in karɓar masa aure da bakina. Da kaka ta yi aka sa rana, a wata ruga da ke bayan Miga. Ango da 'yan uwa suka wuce tun ana jibi, ni kuma na ce zan taho da goro da safiyar ranar. Suka ce za su bar mutum a tashar Miga ya jira ni. Na ce Allah ya sawwaƙe, ni da na san Jigawa kamar tsakar gidana, ga kuma Baturiya a ƙirji.

Aka ɗora min keke a saman mota har Miga, na sauka na ɗaure goro a baya na kama feda. Na yi nisa sai na iso wata mararraba, ga wani dattijo a gindin tsamiya da malfa da sanda. Ya miƙe ya ɗaga hannu ya yi min sallama. Daidai lokacin Baturiya tana magana, kaina a sunkuye ina saurarenta, sai kawai na yi masa gunaguni na wuce. Ya ɗaga murya ya ce hanyar hagun nan ba ta biyuwa, fadama ba ta bushe ba. Ko ƙafa ban sauke ba, na waiwayo na ce masa ya huta, ina tare da wadda ta fi shi sanin hanya. Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai gumi ya karyo min.

Ban yi tafiyar kirki ba keke ya nutse a taɓo. Na diro, ni ma na nutse har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi bai dawo ba, goro ya watse. Ita kuwa Baturiya, babu kunya babu tsoron Allah, sai cewa take in ci gaba, in miƙe sosai. Ina nan ina kokawa da babbar riga sai ga dattijon nan a kan amalanken shanu. Ya tsaya a bakin taɓo ya sake yin sallama, wannan karon na amsa har da wa barakatuhu. Ya tambaye ni gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Dutse, ya tambayi ya aka ji da damina, ina tsaye a laka ina amsawa. Sai da ya kammala tsaf sannan ya miƙo min sanda. Ya taya ni tsince goro, ya ɗora ni da kekena a amalanken.

Muna isa rugar na ga mutane suna tashi tsaye suna ce masa Baffa. Ashe yayan mahaifin amarya ne, shi ne waliyyi. Tun hantsi ya fita mararraba, don a al'adarsu babba ne ke tarbar babba. Aka ba ni ruwa na wanke ƙafa, na tura Baturiya cikin riga, na manta ban kashe ta ba. Aka zauna, wuri ya yi tsit, liman ya tambayi wakilin ango. Ina matsawa gaba kan tabarma sai muryar mace ta fito daga ƙirjina, rangaɗau, da Turanci. Tsohon da ke kusa da ni ya yi tsalle yana a'uziyya, liman ya janye buzunsa. Na cusa hannu in kashe ta, waya ta harɗe min a hammata, igiya ta tuge min hula, ita kuma ba ta fasa ba. Baffa ya tambayi wani malamin makaranta me take cewa. Malamin ya ce wai in juya in koma baya. Baffa ya gyaɗa kai ya ce to yau dai sai yanzu ta faɗi gaskiya.

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Da aka natsa Baffa ya ce ya ba da 'yarsu da zuciya ɗaya, domin angon duk zuwan da ya yi sai ya tsaya ya gaida kowa tun daga bakin hanya. Amma ba zai damƙa ta a hannun wanda ake yi wa sallama yana sauraren ƙirjinsa ba, a kawo wani. Wani ƙanenmu ya matso ya karɓi auren. Ni kuwa na ja baya har inda aka tara takalma, ƙafa ɗaya babu takalmi, daga can na shafa fatiha. Da aka tashi ango ya zo ya durƙusa ya yi min godiyar goro. Nan ne hawaye suka zubo min, don na tuna mahaifinsa.

Na'urar ba ta da laifi, an yi ta ne don mota da kwalta, ba ta san fadama ba, ba ta san kaka ba. Ni ne na sunkuyar da kai ga abin da ke wuyana na wuce mutum. Masu rataya irin waɗannan abubuwa, da masu kafa ido a waya suna tafiya, ina roƙonku in kun ga dattijo a mararraba ku sauke ƙafa ku amsa sallama. An yi wa ɗan nawa haihuwa bara, na je rugar suna, kuma tun daga tashar Miga nake tambayar hanya duk da na san ta. Amma aure sau ɗaya aka ɗaura shi, kuma ba ni na karɓa ba.