Mama Keturah da Ƙanƙarar da Ba Ta San Sukari Ba

Kafin rana ta yi zafi, Mama Keturah ta riga ta tsuguna gaban masu kayan marmari a kasuwar Jimeta. Ba ruwanta da na saman tire masu sheƙi. Na ƙasan kwando take nema, wanda ya nuna ya yi laushi har mai shi ta fara tunanin awaki. Ta latsa, ta shinshina, ta ware.

"Dada, wannan ai ya wuce," in ji Na'inna mai ayaba.

"A wajenki ya wuce. Ni yau ya iso."

A gida, can unguwar Dubeli, sai wanki, sai markaɗe. Kankana da abarba, mangwaro da ayaba, wata rana garin 'ya'yan kuka don ɗan tsami. Ta ɗura a ƙananan ledoji, ta ƙulle, ta jera a firiza. Sukari kuwa, ko ƙwaya.

To, ku ji dalili. Shekarar da tashin hankali ya watsa mutanen Michika, ta iso Jimeta da zanin jikinta da mijinta Apollos, mai ciwon sukari. Bawan Allah ya bar gonarsa, ya zo ya tarar da zafin Yola. Ya ƙi abinci, sai lemon kwalba mai sanyi yake sha a ɓoye. Ƙafa ta yi gyambo. Likita ya ce in bai daina ba, yankewa za a yi.

Keturah ba ta yi faɗa ba. Ta roƙi maƙwabciyarta Huseina ɗan wuri a firiza, ta daskarar da ruwan kankana. Likita ya yarda Apollos ya sha ƙaramar leda ɗaya, bayan abinci. Apollos ya lasa, ya yamutse fuska.

"Wannan ruwan wanke kankana ne?"

Washegari ta sake, ya sake kushewa. Haka suka yi ta yi, har ranar da ta markaɗa wata ayaba da ɓawonta ya yi baƙi. Ranar sai da ya tsotse leda tas.

"Akwai wata?"

"Akwai. Gobe, in ka cinye tuwonka, ka sha maganinka."

Jama'a, gyambon nan ya warke! Huseina shaida ce, ita ta riƙa raka su wankin ciwon a asibiti.

Daga nan unguwa ta ji labari. Manasseh mai shago ya ce, "Mama, zuba ɗan sukari da kala mana, wallahi layi za a yi."

Ta ce, "Abin da ba zan miƙa wa Apollos ba, ba zan miƙa wa ɗan kowa ba."

Ke ce, Keturah, uwar sanyi. Ke ce kike aika wa masu azumi kwano da magariba, alhali ba azuminki ba ne. Ke ce kika zaunar da matan unguwa kika koya musu, ba ki ɓoye ko sirrin ayabar ba. Yanzu da yatsu suka gaji da ƙullin leda, kin miƙa wa Huseina sana'ar, sai dai ki leƙa ki ce, "Kar dai na ga sukari."

Useko, mun gode. Allah Ya ƙara lafiya. Iyaye mata, ku leƙa ƙasan kwando kamar yadda ta yi, ku sa wa yaranku a firiza.

Wanda kuma ke shakka, ya tsaya a bakin layin Dubeli ranar Lahadi. Zai ga wani tsoho yana takawa zuwa coci da ƙafafunsa biyu, yana ta mitar wai ƙanƙarar jiya ta yi tsami.