Takun da Kaka Ta Sani

Da safen nan matata ta dama kunun gyaɗa, ƙamshin tsamiya ya biyo ni har ƙofar ɗaki inda nake murza gwiwa. Ni yanzu ko daga tabarma zan tashi, sai na nemi izinin ƙafata ta hagu. Ƙamshin nan ne ya tuna mini kakata.

A unguwar Kolere ta Mubi na tashi, a hannunta. Da damina idan babana da ƙannensa suka tafi gona, ni take miƙa wa kwanon kunu. Hanya duk taɓo, ga mayo, wato rafi, a tsakani, ita kuwa ba ruwanta: ya isa da zafinsa, kuma kada ya zube. Haka na koyi gudu, ƙirji a miƙe, hannun hagu a ƙame. Daga baya kocina ya yi faɗa a kan hannun nan har ya gaji, bai saku ba.

Tun ina firamare idonta ya rufe, sai ta koma gane mutane da taku. Babana jan takalmi yake yi, gwaggo kuma kamar tana daka. Ni ban taɓa shiga gidan da tafiya ba. Da ta ji dif-dif sai ta ce, "Ga maigidana, wanda ƙasa ke ƙona wa ƙafa."

Gudun nan ya zama sana'ata: mita ɗari takwas, zagaye biyu na fili. Ya kai ni Yola, ya kai ni Legas, har ƙetare. Kai da kake kallo lambar yabo kake gani. Ba ka ganin aman da ke biyo bayan tsere, da atisaye ba hutu, da cinyar da ke yini tana zogi. Kaka ta taɓa tambayata a waya me nake kai musu. Na ce ba komai. Ta ce, "To gudun mene ne?" Kowace sallah sai na ce ina tafe, kowace sallah sai gasa ta taso.

Jijiyar gwiwa ce ta sallame ni. Bayan an yi mini aiki likita ya ce in na sake gudu, sanda ce makomata. Na tattara na dawo Mubi a gajiye.

Na same ta a tabarma, ta tsufa tukuf. Na shiga ina ɗingishi.

"Baƙo, maigida ba ya nan," in ji ta.

"Ni ne, Kaka."

Ta karkata kunne. "Muryan kam nasa ne. Ƙafan ba nasa ba."

Ba wasa take ba, har ta ja zanenta ta matsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba ni da wani gida in ba wajenta ba. Na ajiye jaka, na koma waje, na cije leɓe na sheƙo da gudu. Kafin in kai tabarmar wani abu ya ɓalle a gwiwar, amma na ga fuskarta ta washe.

"Yauwa, maigida! Ina kwanona?"

Damina ɗaya ta ƙara a duniya. Yanzu a fulas ake zuba kunu, a ɗora a babur, ba yaron da ake sa wa gudu. Ni ma ga sandata a jingine, yadda likita ya faɗa. Duk ciwon da gudu ya bar mini ina jin haushinsa, ban da wannan.