Gwaggo Tayyiba Mai Hana Mutum Kuɗinsa

Gwaggo Tayyiba da tuyar ƙuli-ƙuli ta fara a Sule Tankarkar. Da matan unguwa suka lura kuɗi ba ya kwanan banza a hannunta, sai suka riƙa kawo mata nasu. Da kaka takan saya musu riɗi da zoɓo ta adana, in sun yi tsada ta sayar, ta zuba ribar a tumaki.

Sabi'u, direban da ke jigilar shanu daga Maigatari, shi ne namijin farko da ya durƙusa gabanta.

"Gwaggo, hannuna rariya ne. Ga kuɗina ki juya mini, ko da kuka na zo kada ki ba ni."

Ba a jima ba ya dawo, wai a ba shi kuɗinsa, ya ga wata waya a Gumel.

"Wanda ya kawo ajiyar ya hana," in ji ta, tana dama masa fura. "Je ka nemo shi ku sasanta."

Ya yi fushi har ya daina gaishe ta, ita kuwa ko a jikinta. Shekarar da tumakinsa suka saya masa motar kansa, Gwaggo ya fara ɗauka. Ta hakimce a gaba, tana yi masa faɗan gudu har Gagarawa.