Ajiyar Albasa da Sunan Ɗiyata

Zan faɗi abin nan bi da bi, yadda ya faru, domin ban iya ba da labari a hargitse ba.

Ni malamin gona ne mai ritaya, mutumin Wurno. Karatuna bai yi nisa ba: firamare, sai kwas na aikin gona. Ɗiyata ta fari ce ta yi zurfi, har ta zama mai koyar da noma a wata makarantar sakandare a Rabah. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Haka na tarar ubana yana yi wa yayana, haka ni ma na yi. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba. "Ke" nake ce mata, in ba ta nan in ce "ita waccan". Ba ta taɓa jin haushi ba, sai dai tsokana.

"Baba, ko dai ka mance shi na? In tuna ma?"

"Ni niz zaɓe shi. Tashi ki ba ni wuri."

Ita ta kawo shawarar a rubuta yadda ake ajiye albasa a rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa. Ta ce tsofaffin da suka san abin suna ƙarewa, matasa kuma waya suke tambaya. Rani biyu muka yi muna yawo a kan babur ɗina: Kwargaba, Rara, fadamun Goronyo. Ita tana tambaya tana rubutawa, ni ina gyara jeri. Na farko a yanke ruwa. Na biyu a jira ganye ya kwanta da kansa. Na uku a cire, a yanke ganyen a bar wuya. Sannan shanya a inuwa, sannan tsince mai rauni, sannan a zo ga rudu. Mun yi musu a kan mafari. Ni na ce a fara da mataki na ɗaya. Ita ta ce sai ta fara da wani tsoho na Kwargaba da yake shinshina rudunsa kowace safiya, ya san ruɓa ta shiga tun kafin ido ya gani. Ta fi ni baki, aka fara da tsohon.

Tana da ƙawa a makarantar, wata malama Kirista daga wajen Zuru, mai koyar da kwamfuta. Ita ta buɗe mata ɗan shafi a intanet, ta sa rubutun. Ba a daɗe ba, duk wanda ya rubuta "yadda ake ajiye albasa" a injin bincike, shafin ne yake fara fito masa, da sunanta a ƙarƙashin kanun. Ɗiyar tawa da kanta ta koya mini inda zan taɓa a wayata.

Da damina ta gaba ta kwanta ciwo, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki ban yi kuka ba. Uban ɗan fari ba ya nuna wannan. Masu gaisuwa suna shiga wurin kakarta, ni ina zaune a gefe kamar baƙo.

Bayan an watse sai na sami wata ɗabi'a. Kowace safiya, in na zauna karin kumallo, sai in ɗauki waya in rubuta kalmomin nan huɗu. Shafin ya fito a sama. In dubi sunan. Ba na buɗe rubutun, na san shi. Sunan kawai nake dubawa, domin abin da baki ya kasa, ido ba a hana shi ba. Ko uwarta ba ta san ina yi ba.

Wata ranar Laraba da hantsi muna zaune a gindin dogonyaron ƙofar gidana, mu biyar ko shida, har da wani taubashina da ba ya raga mini. Waya ta yi ƙara. Wani mutum ne mai ladabi, daga wani babban shafin labarai da harkar noma. Malamar ce ta ba shi lambata. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce rubutun ya burge su, suna neman izni su sake buga shi a nasu shafin don ya kai ga jama'a da yawa.

Na ce ilmi ba a rufe shi, su ɗauka.

Taubashina ya ce da ƙarfi, "To fa! Malamin taki ya zama marubuci. Ku matsa mishi, kada kansa ya bugi reshe."

Aka yi dariya. Mutumin ya ce, "Baba, saura abu ɗaya. Akwai suna a shafin, amma ban sani ba ko cikakke ne, ko na gida ne. Ka faɗa mini yadda iyali suke so a rubuta. In kuna so kuma mu nuna hanyar shafin asali."

Na dubi mutanen da ke zaune. Dukansu sa'o'ina ne, sun san ɗiyar wa ake magana. Duk sun kasa kunne.

Na ce, "Ku rubuta daga Wurno."

"Daga Wurno kawai? Ba suna?"

"Ya isa."

Ya sake tambaya, karo na uku, har ya fara karanto mini sunan don in ce i ko a'a. Na katse shi. Na ce, "Yaro, na hwaɗa maka ya isa. Ba mu son kwaramniya." Ya ɗauka iyali ne ba sa son a ambace ta. Ya ba ni haƙuri, ya ce za su cire duk abin da zai nuna ta. Ya cika alkawari. Ba ni da abin da zan riƙe shi da shi.

Taubashina ya ce, "Kai dai ɗan gidanku na." A bakinsa yabo ne. Ni ma a ranar yabo na ji.

Ga yadda abin ya bi. Mako na farko shafinta yana sama, nasu yana biye. Mako na uku suka yi musanya. Na ce ba komai, na biyu ma wuri ne. Kafin a fara dashen albasa wasu shafuka uku da ban san su ba sun shiga tsakani, dukansu ɗauke da rubutunta, har da tsohon Kwargaba da hancinsa. Sai na ja yatsa ƙasa kafin in same ta. Wata safiya na ja har ƙarshe ban gan ta ba. Na shiga jeri na biyu, na shiga na uku. Kokona ya huce a gabana.

Na hau babur na tafi Rabah. Na tarar da malamar a ɗakin malamai tana duba takardun jarrabawa. Ta tashi ta durƙusa ta gaishe ni, kamar yadda ta saba tun ƙawarta tana da rai. Na miƙa mata wayar na ce, "Sun goge ta."

Ta duba, ta ce, "Baba, ba a goge ba. Shafin yana nan. Injin ne ya daina nuna shi."

"Don mi? Ita ta riga su."

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce injin in ya ga rubutu iri ɗaya a wurare da yawa, ba ya son ya jera wa mai bincike abu guda sau goma. Sai ya zaɓi ɗaya ko biyu, sauran ya tura su baya. Kuma ya fi karkata ga babban gida, wanda jama'a suke yawan shiga, wanda wasu shafuka suke nunawa. Namu ƙarami ne, kuma tun rasuwar ba wanda ya ƙara masa ko layi ɗaya. Da babban shafin ya rubuta sunanta ya nuna hanyar asali, da wataƙila injin ya gane tushe. Masu kwafa daga wurinsu ma da sun kwafa da sunan.

Sannan ta ce, "Na yi mamaki da na ga ba suna. Me ya sa ba su sa ba, Baba?"

Na ce, "Ni na hana."

Ta dube ni. Ta yi shekara da shekaru a ƙasar nan, ta san al'adarmu. Ta juya fuska wajen taga ta share ido da bakin gyalenta.

Muka kira lambar mutumin. Ashe ta ofis ce, shi ya bar aikin, wata mata ce ta ɗauka. Ta ce ba matsala, a turo a rubuce. Malamar ta ja kwamfuta za ta rubuta. Na ce ta ba ni takarda da biro tukuna. Na rubuta wasiƙar da hannuna, da kwanan wata da adireshi yadda aka koya mana, na rubuta sunan cikakke, na ja layi a ƙarƙashinsa. Ban taɓa ganinsa da rubutuna ba sai ranar. Ta ɗauki hotonta ta tura. Ta kuma rubuta mini adireshin shafin asali a bayan wata takarda, ta ce in na bi shi harafi da harafi zan isa ko injin bai nuna ba. Ina isa. Amma ni kaɗai na san hanyar.

Bayan mako biyu suka sa sunan, da ƙananan haruffa a ƙarshen rubutun. Na gode musu. Sai dai a lokacin su ma an ture su. Wanda ke sama wani shafi ne dabam, ya sauya kanu, ya sa hoton albasar da ba irin tamu ba, ya rubuta sunan wani namiji da "Dakta" a gabansa. Malamar ta aika musu saƙo sau uku. Ba amsa.

Da kaka ta zagayo na je Goronyo duba irin albasa. Wani dillali da na sani, magidanci mai 'ya'ya, ya ja ni gefen buhunansa yana murna.

"Malam, bana ruduna bai yi asara ba. Wani dakta na bi. Tsaya ka ji."

Ya ciro waya ya fara karanta mini. Yanke ruwa, jiran ganye, barin wuya. Yana karantawa yana kaɗa kai, ina jin inda ɗiyata ta saba jan numfashi.

Na ce, "Ba dakta ya rubuta ba. Ɗiyata ce."

"Wace ɗiya? Mi as sunanta?"

Akwai mutane a wurin, masu ɗinkin buhu da masu lodi. Na faɗa. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, bai ji ba, ga ƙarar mota. Na sake faɗa da ƙarfi, har masu ɗinkin suka ɗago kai.

Ya rubuta sunan a wayar. Ya ja ƙasa, ya ja, ya nuna mini. Wata mai sayar da atamfa, wata 'yar siyasa, wata ɗaliba a wata jiha. Duk masu sunanta ne, ba ita a ciki.

Ya ce, "Ba ta nan, Malam. Tana ina yanzu?"

Na ce ta rasu.

Ya ce, "Allah shi jiƙan ta." Ya sa wayar a aljihu. Aka kira shi wajen lodi, ya tafi. Na tsaya a wurin har suka gama ɗaure motar, sannan na je na nemi babur ɗina. Irin da na zo dubawa ban duba ba.