Aling Petring da Abin Toshe Kunne na Aro

Duk wanda ya taɓa shan lomi, wato taliya mai romo mai kauri, a bayan kasuwar Lipa ya san Aling Petring, ko da bai san Perpetua Dimaculangan ne sunanta na baftisma ba. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, damtsenta kamar na 'yar dakau, saboda shekara da shekaru ita kaɗai take sauke manyan tukwanen taliya daga kan wuta. Ba ta da yawan magana. Mutane sun ɗauka halinta ne, alhali wurin saka tata maganar ne ba ta taɓa samu ba.

Surukarta, Nanay Iska, kunnenta ya yi nauyi, don haka rediyonta ke tashin unguwa, kuma ko gishiri za ta ce a miƙo mata sai ta faɗa kamar mai kiran kwalekwale daga ƙetaren kogi. Ƙanin miji yana da injin waƙa mai makirfo, ga shi da murya irin ta akuyar da aka taka wa ƙafa. Maƙwabci yana kiwon zakarun faɗa waɗanda ba su bambance asuba da azahar. Sai kuma mai gidan, mijinta Mang Celing, mai gyaran firji, wanda ba shi da hira sai ta harbi.

Mang Celing ya daɗe a ƙungiyar masu gasar harbi da ƙaramar bindiga ta garin. Yana da rigar ƙungiya mai sunansa a baya, da hula, da tabarau mai ruwan ƙwai, da ɗamara mai aljihuna. Saiti ne kawai ba shi da shi. In an kafe sakamakon gasa kana neman sunansa, ka fara dubawa daga ƙasa ka huta. Yakan ce iska ce, ko rana ce ta haske shi, ko harsashin ne ya sha raɓa.

Wata Lahadi ya tafi filin harbi da makullin shagonta a aljihu. Petring ta hau babur mai ƙafa uku ta bi shi, tana tafe tana jera maganganun da za ta gaya masa. A bakin fili shugaban ƙungiyar, wani tsohon soja da ake kira Mang Doroy, ya tare ta ya ce ba a shiga sai an rufe kunne. Ya kafa mata abin toshe kunne a ka, manya kamar kwanuka biyu.

Duniya ta yi tsit. Tana ganin bakin mijinta yana motsi, yana ba da haƙuri yana miƙo makulli, ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta karɓa ta sa a jaka, ta nemi benci ta zauna. Ranar ba a buɗe shago ba.

Da yamma ta cire abin ta ce, "Mang Doroy, in na sa wannan a gida, surukata cewa za ta yi na raina ta."

"A nan dai ba mai cewa kin raina shi. Doka ce ma."

"To me ake yi a zama ɗan ƙungiya?"

Harbinta na farko bai je ko kusa da allon kwalin ba. Wata bishiyar ayaba da ke kan tudun ƙasar da aka tara a bayan fili ta samu, nonon ayaba guda ya faɗo tim. Mang Celing ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, don tunda ya shiga ƙungiyar bai taɓa ganin wanda ya fi shi rashin iyawa ba. Ya ba da labarin a wurin aski, ya ba da shi a ƙofar coci, ya raɗa mata suna Mai Girbin Ayaba. Petring ta kwashe ayabar ta soya ta da sukari ta sayar, ta kuma ƙulla abin a ranta.

Daga nan ta shiga shiri irin wanda ba a taɓa gani ba a gidan. Kullum da sassafe sai ta zare harsasai ta kulle su a akwati, ta duba bindigar ta sake dubawa, sannan ta tsaya a tsakar ɗaki tana zarowa daga ƙugu tana auna wasu murafan kwalba da ta manna a bango, ta danna kunama, ƙas, ta mayar. Kafin ta fara takan juya gumakan waliyyan Nanay Iska su kalli bango, don kada su ɗauka da su take. Ta daina shan kofi domin kada hannu ya yi rawa, abin da a lardinsu na Batangas, inda ba mai wuni bai sha kofi ba, ya sa 'yan uwa suka fara tambayar ko ba ta da lafiya. A shago takan riƙe ludayi cike da romo ta miƙe hannu sambal, ta tsaya har sai mai saye ya ce, "Aling Petring, ni dai yunwa nake ji."

A gasa, alƙali kan tsaya bayan mai harbi da wani ɗan agogo, da ya yi ƙiit sai a zaro. Wannan ƙarar ta shiga jinin Petring har ta zame mata lalura. Tukunyar shinkafa ta lantarki ta yi ƙara, hannunta ya kai ƙugu. Mota ta ja da baya tana ƙiit-ƙiit, ta zaro ludayi daga aljihun gaba ta auna direban. Wata rana a babban kanti na'urar mai karɓar kuɗi ta yi ƙara, Petring ta zari kwalbar man gyaɗa ta auna, sai ga yarinyar kantin ta ɗaga hannu sama. Ko a coci, in za a je karɓar jibi, sai ka ga ta lumshe ido tana motsa yatsa. Fada ya yaba da ibadarta a huɗuba, bai san hanya take tsarawa ba: in ta kewaye wancan benci, ta sha gaban waccan tsohuwa, za ta riga kowa isa.

Kafin a ankara ta wuce mijinta, ta wuce maza da yawa, sunanta ya koma saman allo. Mang Celing ya daina zancen ayaba, ya koma ɗaukar mata jaka.

Mace ɗaya ce ke ja da ita a lardin: Odeng Panganiban, mai shagon gyaran gashi, uwar baftismar 'yar Petring, don haka Mare suke kiran juna. Odeng ba ta zuwa fili sai da kwalliya cikakkiya, jan baki da jan farce, bindigarta ma ruwan hoda ce. Dabararta ɗaya, kuma ba ta ɓoyewa: kowane allo ta kalla, fuskar mijinta da ya gudu da wata mai sayar da tikiti take gani. Ba ta kuskure. Matsalarta fararen allunan da ake jerawa a tsakani, waɗanda in ka harba ake rage maka maki. Su ma ba ta barinsu.

"Mare, farin ba a harbinsa," in ji Petring.

"Na sani. Amma ki dube su da kyau, ba su yi miki kama da yayyensa mata ba?"

Da aka sa ranar babbar gasar yankin a Laguna, Petring ta shirya kamar mai tafiya yaƙi. Ta wanke safar da take sawa a kowace gasa, ta dafa ayaba da ƙwai, don ba ta cin komai sai su ranar harbi, ta kuma sanar da gida cewa daga wayewar gari ba mai yi mata magana. Da gari ya waye ta fito, sai ga doguwar motar haya a ƙofar gida, maƙil da dangi. An ɗaura ƙyalle mai hotonta a jiki. Injin waƙa yana kan rufi. Nanay Iska tana gidan gaba da lema da tukunyar kaza a cinya.

Petring ta ce da surukarta, "Inay, ina za ku?"

"Za mu je mu ga abin da ya hana ki shan kofi."

Ta haɗiye, ta ce a ranta ai da ta rufe kunne shi ke nan. Suna isa fili ta buɗe jaka, ba abin toshe kunne. Mang Celing ya cire shi ya sa makirfo na biyu a wurinsa, wai jakar ta fi laushi.

Odeng ce ta cece ta. Ta ciro nata na ajiya, ruwan hoda mai 'yan duwatsu masu ƙyalli, ta ce, "Sa wannan, Mare. Na zamani ne, da batir yake aiki."

Abin da Odeng ba ta faɗa ba shi ne, irin wannan yana kashe ƙarar harbi ne kawai, amma maganar mutane ƙara ta yake yi, don mai harbi ya ji umarnin alƙali. Petring ba ta san akwai maɓallin kashewa ba. Tana tsayawa a layi, ta lumshe ido za ta tsara hanyarta, sai ta ji muryar mijinta rangaɗaɗau a tsakiyar kanta, yana can bayan igiya yana yi wa wasu baƙi bayani.

"Ni na koya mata komai. Har yanzu akwai sirrin da ban ba ta ba, kada ta yi girman kai."

Ƙanin miji yana gwada makogwaro. Wata gwaggo tana cewa wandon nan ya matse ta. Sai Nanay Iska, wadda raɗarta ma ta isa ta tashi barci, ta ce da wata mata da ke gefenta, "Kin ga waccan gajeriyar mai kama da tukunyar gas? Matar ɗana ce."

Alƙali ya ce, "Kin shirya?"

"Ɗana ba ya iya samun ƙofar gareji ko an jingina shi da ita," in ji tsohuwar. "Ita ke riƙe da gidan nan. Lominta ma ya fi nawa, amma ban taɓa gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba har in mutu."

Ƙiit.

Petring ba ta san lokacin da ta zaro ba. Kunya da haushi da wani abu mai ɗumi a ƙirji suka haɗu suka tura ta. Ta ruga tana harbi, farantan ƙarfe suna zuba ɗaya bayan ɗaya, burinta kawai ta gama kafin tsohuwar ta ƙara faɗin wani abu. Da ta tsaya, alƙali ya kalli agogonsa, ya girgiza shi, ya sake kallo.

Haka ta yini. A kowane zango tana jin sabon labari: cewa ƙanin miji ne ya fasa madubin shago ba mage ba, cewa 'yarta tana da saurayi mai gashin baki, cewa Mang Celing yana shan kofi a ɓoye cikin banɗaki don tausayinta. Duk labarin da ya shiga kunnenta, sai hannun ya ƙara sauri. Ana gab da gamawa ne wata yarinya 'yar sanda da suke rukuni ɗaya ta nuna mata maɓallin. Petring ta sa yatsa a kai, sai kuma ta janye. Ai ba ta ji ƙarshen zancen mai gashin bakin ba.

'Yar sandar ce ta zo ta ɗaya a mata. Petring ta zo ta biyu, ta kuma ɗauki kofin rukunin mata masu shekaru. Odeng saura kiris ta zo ta uku, sai dai a zangon ƙarshe an jera fararen alluna a gefe guda, kuma ɗaya a cikinsu, in ji ta, har karkata kai ya yi irin na babbar yayar mijinta.

A mota, Petring ta zauna kusa da surukarta da kofin gasar a cinya. Ta daɗe tana juya maganar, sannan ta matsa kusa da kunnen tsohuwar ta ce, "Inay, na gode."

"Me kika ce?"

"Na ce na gode."

"Da me? Ta biyu fa kika zo. Waccan 'yar sandar ko nama babu a jikinta." Ta buɗe tukunya ta zaɓo cinyar kaza mafi girma ta ɗora mata a cikin kofin. "Ci. Kin rame."

Kofin yana shago yanzu, cokula ake zubawa a ciki. Mang Celing ya ajiye harbi, ya sa an ɗinka masa sabuwar riga da aka rubuta Mai Horarwa a baya, Petring kuma ta bar shi, don ya iya ɗaukar jaka in an sa masa ido. Saurayi mai gashin baki ya zo gaisuwa. Ta zaunar da shi ta zuba masa lomi, ta zauna gabansa tana goge bindigarta gunduwa-gunduwa a kan jarida. Da ya dawo karo na biyu, ya aske gashin bakin, ya kuma zo da iyayensa.