Ɓaunar da Ta Karkata Hoton Cimulang

Duk wanda ya san Mang Suhanda, wato Kawu Suhanda a harshensu, da faɗuwar kyamara ya san shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗaukar hoton amare da maniyyata a ƙauyen Cimulang, ba wanda ya taɓa kushe aikinsa. Amma ɗan Adam ba ya riƙe shekara goma sha ɗaya, safiya ɗaya ta ishe shi.

Safiyar kuwa ta hoton bankwana ce. An gama ginin madatsar ruwa, an ba mutane wata biyu su kwashe nasu ya nasu kafin tafki ya haɗiye garin. Mai gari ya ce kada kowa ya taɓa rufin gidansa sai an fito da kayan Sallah an tsaya a filin masallaci, Suhanda ya hau hasumiya ya haɗa gari da mutanensa a hoto ɗaya. Yana tafe a keke ta 'yar hanyar da ta ratsa gonakin shinkafa, sai wata ɓaunar noma ta ga damar juyawa. Keke ya yi gabas, shi ya yi yamma, kyamara ta sha dutse, wuyan gilashinta ya karkace. Da a birni ne sai wurin mai gyara. Amma mutanen Cimulang ba abin da ba sa ɗaurewa da robar tayar keke, daga famfo har ƙafar kujera. Ya yanko roba ya ɗaure, ya leƙa, ya ga gari na nan. Ya hau hasumiya da taɓo har kunne, ya ce a daina motsi, ya danna.

A wancan lokacin, wankin hoto sai birni, kwana tara. Kafin ya dawo an sauke rufin rabin gari, wasu ma sun yi gaba da katakonsu.

Da aka buɗe ambulan, wani siririn layi ne kawai ya fito tar a tsakiya: bakin rijiya, kaji uku, da takalman da aka tuɓe a ƙofar masallaci. Sama da ƙasa duk dishi-dishi. Gidaje kamar akwatunan ashana, itatuwan kwakwa kamar tsintsiya, mutum ɗari huɗu kamar 'yan tsana da aka jera aka manta. Fuska ko ɗaya ba ta fito ba.

Mai gari ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mang, mu muka yi wanka, kaji suka fito?"

Aka fashe da dariya, har da mai hoton. An yi makonni ana kuka, kowa neman dalilin yin wani abu daban yake.

A sabon matsuguni, kan tudun da ke kallon tafkin, Suhanda ya ci gaba da sana'arsa da wata kyamarar. Zolaya ba ta dame shi ba, yakan ma taya. Abin da ke cinsa Ceu Rukmi ce, mai sayar da soyayyar ayaba. Mahaifiyarta tana layi na biyu a ranar hoton, ta rasu wata huɗu bayan ƙaura, kuma ba a taɓa ɗaukarta a wani hoto ba. Duk shekara bayan azumi sai Rukmi ta zo ta ce a fito mata da shi. Ta ɗora yatsa a kan wani ɗan ɗigo kore ta ce, "Ga ta. Koren zanenta ne." Ba ta taɓa yi masa baƙar magana ba. Da ma ta yi, da ya fi samun sauƙi. Sai ya zuba mata shayi ya ƙura wa tabarma ido.

Su kuwa masu hoto, magana ba ta ƙare a tsakaninsu ba. Kang Dudung, mai shagon hoto a bakin kasuwa, cewa yake hoto shaida ne, shaidar da ba ta gane fuska ba kuwa alƙali korarta yake. Wata shekara Bu Ratnasih, wata mai ɗaukar hoto daga birnin Bandung, ta zo aiki a tafkin, aka nuna mata don a sa ta dariya. Sai ta dafe ƙirji.

"Kun san abin da kuke riƙe da shi? Akwai gilashin da ake ƙera shi a karkace da gangan don ya ba da wannan. Ya fi ɓauna tsada. Wannan fasaha ce!"

Dudung ya ce, "To, Bu, sai a nemo ɓaunar a ba ta lambar yabo."

"Kang, kai hoton katin shaida ya ɓata maka ido."

"Ke kuma birni ya koya miki son hazo, da yake ba uwarki ce a ciki ba."

Suhanda na gefe yana jin su. Sukar Dudung ya yarda da ita. Yabon baƙuwar ne ya fi yi masa ciwo.

Da ƙaura ta cika shekara talatin, aka yanke shawarar rataye hoton a zauren taron gari. Dudung ya zo da albishir: yanzu akwai na'urar da ke cike fuskokin da suka dusashe. Suhanda ya miƙa masa hoton. Har sabuwar hula ya saya, yana ganin ranar sauke nauyi ta zo.

Ranar taron aka yaye ƙyallen da ya rufe sabon hoton. Fuskoki ɗari huɗu tar, kowa na murmushi, kowa haƙoransa cif. Mutane suka matso suna neman kansu. Wani tsoho ya ce shi dai ya gane rigarsa, amma bai san wanda ya ara ba. Rukmi ta matsa, ta nemo koren zane, ta tarar da wata kyakkyawar mace mai kumatu.

Ta juyo ta ce, "Kang Dudung, wace ce wannan da zanen uwata? Uwata haƙori biyu ya rage mata, kuma ba ta yi wa kowa murmushi ranar nan ba."

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"A sauke. A kawo mai dishi-dishin. A cikinsa dai ina ganinta."

Shi aka rataye, yana nan har yau. Rukmi ta daina zuwa gidan Suhanda bayan azumi, tunda zaure ya fi mata kusa, shi kuma Suhanda ya ce yana kewar zuba shayin. Fuskar dai bai iya ba ta ba, ya kuma san ba zai iya ba.

Yanzu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar sana'a. Da hantsi yakan zauna a rumfar mai gahawa yana fuskantar ruwa. Kwanan baya Dudung, wanda shi ma furfura ta gama da shi, ya zauna kusa da shi ya ce, "Mang, jibi akwai biki a gidanmu. In nemo maka ɓauna, ka zo ka mai da surukaina 'yan tsana?"

Suhanda ya kurɓi gahawarsa, ya yi ɗan murmushi.

"Yi dariyarka, Dudung. Ni kaɗai na hau sama na kalle ku ranar nan. Wallahi haka kuke, 'yan mitsi-mitsi, hannu ɗaya ya isa ya kwashe ku. Kuma aka kwashe."