Da Bakina Na Fasa Gidan Mafara

Saura shekara uku in yi ritaya daga aikin jinya lokacin da maganar gidan ta taso. A Kaduna nake zaune, a gidan haya, tun bayan rasuwar mijina, kuma na gaji da mai gida ya riƙa yi mini sallama duk ƙarshen shekara da murmushi da sabon farashi. Abu ɗaya nake so, gida mai sunana a takarda, can wajen gida, wanda zai riƙa kawo mini ɗan abin cefane kafin in ajiye aiki, in kuma na ajiye in sami inda zan sa kaina. Mu mutanen Bakura ne, amma a Bakura kowa yana gidan ubansa, wa zai kama maka haya? Talata Mafara ce ke da ma'aikata da 'yan kasuwa, ga kuma mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro suna neman ɗaki ko wane iri ne.

Wata mata da na taɓa jinyar mijinta ce ta haɗa ni da wani dillali a Mafara. Ya ce akwai wani tsohon gidan ƙasa, na gado, magada suna gaggawar rabawa, kuma kuɗin da suke nema ba zai saya mini ko fili a bayan garin Kaduna ba. Ya ce gidan yana buƙatar gyara. Daga baya na gane cewa a bakin dillali, wannan kalmar tana iya ɗaukar komai, har kango.

Ni mace ce mai bin diddigi. Ko tumatir zan saya sai na juya shi na duba ƙasansa, kuma ƙananan ma'aikata a asibiti sun san ba a kawo mini labari rabi. Mutum ɗaya ne a duniya ba na juya maganarsa, yayana, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Tsohon malamin firamare ne, ya koma noman rani a Bakura. Shi ya goya ni a keke zuwa jarrabawar shiga sakandare, shi ya tsaya mini a rabon gadon mijina lokacin da dangi suka so su yi mini wayo. Yana ce mini Likita don tsokana, ina ce masa Yaya. A wajenmu kuma mace ba ta tsayawa gaban magada da mai unguwa tana cinikin gida, sai ta sa wakili. Ban yi wani tunani ba, shi na kira.

Da gangan na zaɓi tsakiyar damina na je, don gidan ƙasa ba ya iya ɓoye aibinsa a lokacin. Mun shiga ni da Yaya da dillali bayan an ɗauke ruwa. Katangar yamma ta zube har ana hango awakin maƙwabta. Kwanon ya yi tsatsa, ɗakuna biyu suna yoyo, gara ta cinye ƙyauren zaure har sai da dillali ya ɗaga shi ya jingine kafin mu wuce. Amma filin yana da faɗi, akwai rijiya mai ruwan daɗi, kuma can kusurwar gabas akwai wata bishiyar lemun tsami da ba wanda ke kula da ita, ta yi 'ya'ya har suna zuba. Ban san me ya same ni ba. Ni da na zo neman aibi, sai ga ni tsugune ina tsince lemu ina zubawa a jaka.

A nan tsakar gidan na yago takarda daga littafina na fara zane. Zauren a mayar da shi shago, tunda yana kallon hanya. A buɗe sabuwar ƙofa ta lungu. Ciki da falo guda uku na 'yan haya. Sai ɗaki ɗaya a gindin lemun, nawa, ranar da na dawo. Na ce tagarsa a yi ta ƙasa-ƙasa don in riƙa ganin waje ina zaune. Na kuma ce ba na son dokin ƙofa ko matakala, a yi daɓen ya gangara a hankali, domin na tura tsofaffi da yawa a keken marasa lafiya, na san abin da taku ɗaya ke yi wa gwiwa. Yaya yana ta dariya.

"Likita, gida za ki gini ko asibiti?" in ji shi. "Kawo takardar in gwada ma magini, shi hwaɗa muna abin da za ta ci."

Na miƙa masa. A ranar muka taya, babban magadan ya ce albarka, muka ƙara, ya ce zai shawarci ƙannensa amma an kusa. Dillali ya ce in kwantar da hankalina, ciniki yana hannuna, babu mai shiga har sai na ce na bari.

Na koma Kaduna da lemu a jaka da tsoro a ciki, domin tsoron gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙira mini shi. Tafiyar yini guda ce, a hanyar da ba a kama ta sai rana ta fito sosai. Wa zai tsaya kan leburori? Wa zai karɓi haya? In na zuba mutanen da aka koro daga ƙauyensu suka kasa biya, na san kaina, bakina ne kawai ke da kaifi, ba zan iya fitar da mace da 'ya'yanta waje ba. Kuma kuɗin nan su ne duk abin da na tara. Duk wannan na zazzage wa Yaya a waya, ban rage komai ba.

Daga nan sai ya fara kira duk bayan kwana uku ko huɗu, kowane kira da aibi guda. Yau magini ya ce zartsi ya ci gindin ginin, sai an rushe duka. Jibi akwai wani magaji a Legas da bai yarda ba, yana iya kai ƙara. Wani satin maƙwabci ya ce katangar da ta zube a cikin filinsa take. Ba ya taɓa haɗa mini biyu a rana ɗaya. Kuma kullum da abin da yake rufewa.

"Ni dai ban hana ki ba, Likita. Kuɗɗinki na. Amma ke kina can, gida na nan, ni kuma tsuhwa ya kama ni."

Nakan ajiye waya in ce Allah na gode maka da ka ba ni ɗan'uwa. Har yadin shadda na aika masa da Sallah, saboda wahalar zirga-zirgar da yake yi mini tsakanin Bakura da Mafara.

Wata Talata da rana, ina bakin aiki, ya kira. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya ce magada sun matsa, in faɗi matsayata. Na ce to, Yaya, a bari kawai.

"A'a, ba ni za ki hwaɗa ma ba," ya ce. "Ga dillali, ga babban magadan, na buɗe murya. Hwaɗi da bakinki su jiya."

Na ce na fasa.

"Ba su jiya da kyau ba, kasuwa ta cika. Sake hwaɗi."

Na ɗaga murya a barandar asibiti na ce na fasa sayen gidan, Allah ya kawo musu mai saye na alheri. Na ji muryoyi biyu sun ce amin. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ba a yin ciniki a kan cinikin wani. Muddin mai taya bai ce ya janye ba, wanda ya shiga ya yi abin kunya, malamai kuma su ce ya yi haram. Na ɗauka Yaya yana so ne ya sauke wa magada nauyina su sami damar neman wani. Har na ce masa ya ba dillali ɗan wani abu saboda ɓata masa lokaci da na yi.

Bayan kamar shekara ɗaya da rabi goggonmu ta rasu a Maradun, inda ta koma zama tun da suka baro Gidan Goga. Na je gaisuwa. A hanyar dawowa na tsaya Mafara don in ga wata ƙawata da muka yi makarantar jinya tare, Kirista ce daga wajen Zuru, ba a daɗe da yi mata canjin wurin aiki zuwa garin ba. Ta tare ni a tasha, ta ce sai na ga sabon gidan da ta kama. Muka hau babur, aka bi da mu ta wasu lunguna, hira ta ɗauke mini hankali ban lura da unguwar ba.

Ƙafata ce ta fara ganewa. Na ɗaga ta zan tsallake dokin ƙofa, sai na ji babu, daɓen siminti ne ya gangara a hankali. Na ɗago kai. Ciki da falo uku a jere, sabon kwano, rijiya an yi mata murfi. A kusurwar gabas ga bishiyar lemun, an kewaye gindinta da bulo. Ƙawata ta zaro mabuɗi ta nufi ɗakin da ke gindinta, mai taga ƙasa-ƙasa.

"Shigo mana, Sista, kin tsaya kamar an dasa ki," ta ce. "Kin ga tagar nan? Ina zaune ina ganin kowa. Mai gidan mutumin kirki ne, ɗan garinku ne ma, tsohon malamin makaranta. Ya ce shi ma ƙanwarsa nas ce a Kaduna, shi ya sa ya rage mini kuɗin haya."

Na zauna a kujerarta, a ɗakina. Ta matso lemu a ruwan sanyi ta ba ni, na shanye. Ban gaya mata komai ba a ranar. Ba ta yi mini laifi ba, kuma ta share ɗakin tsaf, yadda zan so.

Ban koma Kaduna ba, Bakura na wuce. Na tarar da shi a ƙofar gida yana kwance injin ban ruwa, hannunsa duk baƙin mai. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba, gajiya, iyali, gona, haƙurin rashin goggo, ban tsallake ko ɗaya ba. Sai da muka gama na ce daga Mafara nake, na sha lemun gidansa.

Bai daina juya sifana ba.

"Da bakinki kinka ce kin hwasa," ya ce. "Gaban shaidu biyu. Sai da kinka hita sannan na shiga. Tambayi duk malamin da kika so."

"Zartsin fa, Yaya?"

"An yi mai magani."

"Magajin da ke Legas?"

"Ya sa hannu."

"Maƙwabcin da ya ce filinsa ne?"

"Mun daidaita."

Na ce to ina takardata. A nan ne kawai ya ɗago ya dube ni. Ya shiga ciki ya fito da ita a cikin leda, ta sha ninki, da tabon siminti a kan rubutuna. Ya miƙo mini, ya ce in ba don shi ba da bare ya saye, kuma ɗakin gindin lemun yana nan, ranar da na yi ritaya sai ya sallami wadda ke haya a ciki in shiga.

"Ba ni amsa maki kamar na bare," ya ce. "Rabin kuɗɗin haya kawai za ki biya."

Na shiga wajen Inna, mahaifiyarmu, ina tsammanin ko ita za ta yi mamaki. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago ba. Ta ce ai gidan wana gidana ne, in bar tada magana, mutane na ji. Ashe har addu'ar tarewa an yi, an raba waina, duk gidanmu sun ci. Ni kaɗai ce ba a gaya wa ba.

Na ji ciwon gidan, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne da na zauna na tuna kiran nan ɗaya bayan ɗaya. Ni na ba shi tsorona da hannuna, shi kuma ya riƙa mayar mini da shi kaɗan-kaɗan, yadda muke ba majinyaci magani, daidai abin da jiki zai ɗauka. Ya san ina tsoron kotu tun rabon gadon mijina, sai ya samo magaji a Legas. Kuma babu inda zan kai ƙara. Na gwada gaya wa wani kawunmu, tambaya ɗaya ya yi mini, shin na ce na fasa ko ban ce ba. Na ce na ce. Ya buɗe hannuwa.

Har yau muna gaisawa da Yaya. Ina kiransa da Sallah, in tambayi gona da iyali, ya ce mini Likita, in amsa. Shaddar da na aika masa ma na gan ta a jikinsa a hoton wani suna, ta yi masa kyau.

Yanzu saura 'yan watanni in ajiye aiki, ina nan a gidan haya. Makon jiya dillalin nan ya sake kirana, ko kunya babu, ya ce an sami wani gidan a bayan kasuwa, ya fi wancan araha, gyara kaɗan yake so. Ya ce in turo wakilina ya duba kafin Talata. Na ce to, zan turo. Da ya kashe, na zauna a bakin gado na buɗe lambobin wayata, na bi su daga sama har ƙasa, na sake bi daga ƙasa zuwa sama. Ban sami wanda zan aika ba.